Magungunan nano ko na'urorin asibiti: wacce hanya za ka bi in bincike kake so?

Wannan rubutun na wanda ya gama digirin farko ne ko yake dab da gamawa, a famasi ko kemistiri ko injiniyanci ko kimiyyar lab ko ma likitanci, zuciyarsa ta rabu biyu, wani ɓangaren na ce masa ya shiga harkar magungunan nano tunda ita ake yayi, ɗayan kuma na jansa wajen na'urorin asibiti. Daga nesa kamar abu ɗaya ne, har wasu jami'o'in a sashe ɗaya suke zuba su, amma rayuwar wanda ya bi wannan da ta wanda ya bi wancan sun sha bamban sosai, tun daga shekarun karatu har zuwa irin takardun da zai yini yana cikewa.

Dan mu daidaita tun farko: mai binciken nano yana ƙera ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, yawanci wajen nanomita 100 zuwa ƙasa, waɗanda za su ɗauki magani su kai shi inda ake so a jiki. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Na'urorin asibiti kuwa sun kama tun daga sirinji da bandeji har injin wankin ƙoda da MRI da batirin da ake dasa wa masu ciwon zuciya, har da manhajar da take karanta hoton ƙirji, ita ma doka na'ura take ɗaukarta.

Zan faɗi inda na karkata tun yanzu. Mafi yawan masu wannan ruɗanin ɓangaren na'urori ne ya fi dacewa da su, nano kuma sai ga wanda ya samu gurbi mai kuɗi a lab mai kayan aiki, kuma yana da wani fanni mai ƙarfi a hannunsa da zai koma masa. Ga dalilaina, kai ma ka auna.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko lokaci, wato shekara nawa kafin ka fara karɓar albashi na gaske. Na biyu kuɗi, wa zai biya karatun, kai ko su. Na uku sauƙin shiga. Na huɗu karko, kuma shi na fi damuwa da shi: in yayin fannin ya wuce nan da shekara goma, wace sana'a ce za ta rage a hannunka da wani zai biya ka saboda ita? Na biyar kasada. Akwai kuma na shida da ba a cika faɗa ba, shine haƙurinka, shin za ka iya aiki shekara goma sha biyar ba ka ga mara lafiya ko ɗaya ya amfana da abin da ka yi ba? Wasu za su iya, hankalinsu kwance. Wasu kuma a shekara ta uku zuciyarsu take mutuwa, kuma ba laifinsu ba ne, halitta ce.

Hanya ta farko: binciken magungunan nano

Nasarorin fannin na gaske ne, ba talla ba. A 1995 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da Doxil, maganin cutar kansa da aka kulle a cikin 'yar jakar kitse, wanda hakan ya rage illar da maganin yake yi wa zuciya. A 2005 maganin Abraxane ya fito, a 2018 maganin Onpattro, sai kuma ƙarshen 2020 da riga-kafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna suka fito, a riga-kafin nan biyu ƙwayoyin kitse na nano ne suke ɗauke da saƙon mRNA, wato umarnin da ke sa jiki ya haɗa wani furotin, zuwa cikin ƙwayoyin jiki, ba dan su ba da saƙon ya lalace tun a hanya.

Toh amma ka duba tazarar. Alec Bangham ya bayyana waɗannan jakunkunan kitsen ne a Ingila a tsakiyar shekarun 1960, sai bayan shekara talatin Doxil ya fito. Katalin Karikó, mai binciken mRNA, an rage mata matsayi a Jami'ar Pennsylvania a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike, ita da Drew Weissman suka fitar da muhimmin aikinsu a 2005, kyautar Nobel ba ta zo ba sai 2023. Kowa yana son ba da wannan labarin dan ƙarfafa gwiwa, ni kuma ina ba da shi ne dan ka ga tsawon jiran, kuma ka tuna akwai dubban da suka yi irin wannan jiran ba wanda ya san sunansu.

Akwai kuma matsalar da take cikin kimiyyar kanta. A 1986 Matsumura da Maeda a Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke cikin ƙarin cutar kansa suna yoyo, dan haka ƙananan ƙwayoyi za su iya taruwa a wurin, a kan wannan aka gina bincike mai ɗimbin yawa. A jikin ɓeraye abin yana fitowa da kyau, a jikin mutane kuma ya danganta da mutum da kuma irin ƙarin. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma, ta gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi allura yake isa ƙarin, sauran hanta da saifa suke kwashe mafi yawansa. A shekarar ne kuma kamfanin BIND Therapeutics, wanda manyan masana suka kafa kuma aka ɗora wa buri sosai, ya karye. Ka haɗa da cewa kusan tara cikin goma na magungunan da suke shiga gwaji a kan mutane ba sa kaiwa kasuwa, kaga irin filin da za ka shiga.

Lokaci: mastas shekara 1 zuwa 2, digirin digirgir shekara 3 zuwa 4 a yawancin Turai, 5 zuwa 6 a Amurka, bayan nan galibi sai ka ƙara aikin bincike na kwantiragi shekara biyu-biyu ko uku-uku kafin a fara maganar kujera ta dindindin, wadda kuma kaɗan ne suke samunta. Likitan da yake son haɗa asibiti da lab, tsarin haɗaɗɗen digiri na Amurka shekara 7 zuwa 8 yake ci tun kafin a fara horon ƙwarewa.

Kuɗi: a nan kam nano ya fi sauƙi ta wani ɓangaren, saboda digirin digirgir na kimiyya biyanka ake yi. A Holan da Suwidin da Denmak da wurare da yawa a Jamus ma'aikaci ake ɗaukarka da albashi, shirin Marie Curie na Tarayyar Turai ma haka, a Amurka kuma lab ko sashe ne ke biyan kuɗin makaranta su ba ka alawus. Dan Allah kar ka biya kuɗin digirin digirgir a wannan fannin daga aljihunka. Lab ɗin da ba shi da kuɗin biyanka da wuya ya samu kuɗin sinadarai da dabbobin gwaji, kuma aikin nano ba ya yiwuwa da fatar baki, sai da injin auna girman ƙwayoyi da cajinsu, da maikiroskof na lantarki, da HPLC, wato injin rarrabe sinadarai da auna su, da ɗakin renon ƙwayoyin halitta mai tsafta. In babu su za ka ƙare kana aika samfur wani wuri kana jiran wata da watanni, kafin sakamako ya dawo ƙwayoyin sun dunƙule sun canja.

Karko: a nan ne mutane suke yin kuskure. Kamfanonin magani ba su cika tallar neman masanin nano kawai ba, abin da suke nema shine wanda ya iya haɗa magani ya zauna bai lalace ba, wanda ya iya kemistirin aune-aune, wanda ya san yadda ake ɗaga haɗi daga 'yar kwalba zuwa tanki a ƙarƙashin GMP, wato ƙa'idar haɗa magani mai inganci a masana'anta, kuma kowane zubi ya fito iri ɗaya. In ka fito da waɗannan, ko yayin nano ya wuce kana da sana'a. In kuma abin da ka fito da shi hotuna ne masu kyau na ƙwaya guda da ba wanda ya iya maimaita ta, toh akwai aiki. Shi yasa ban cika son digirin farko mai sunan nano ba, gara ka yi kemistiri ko famasi ko injiniyancin sinadarai ka ƙware, nanon ya zo a sama.

Hanya ta biyu: ƙera na'urori a kamfani

Medtronic, wanda yau yana cikin manyan kamfanonin na'urori na duniya, a gareji ya fara a 1949 a Minneapolis, Earl Bakken yana gyaran kayan lantarkin asibiti. A 1957 likitan tiyatar zuciya Walton Lillehei ya nemi ya ƙera masa na'urar daidaita bugun zuciya mai aiki da batir, saboda waɗanda ake da su a soket ake jona su kuma an yi ɗaukewar wuta, cikin 'yan makonni Bakken ya kawo. Yau doka ba za ta bari a yi wannan saurin ba, amma yanayin aikin bai canja ba: likita ko nas na da matsala, injiniya ya ƙera, a gwada, a gyara. Shirin Biodesign na Jami'ar Stanford ma a kan haka aka gina shi, ɗalibai su zauna a asibiti suna kallo su tara matsaloli kafin su taɓa zanen komai.

Lokaci gajere ne, da digirin farko ko mastas ana ɗaukarka, digirin digirgir sai a ɓangarori irin na hoton jiki ko sabbin kayan dashe. Abin da za ka sani shine kamfanoni da yawa sun fi ɗaukar injiniyan lantarki ko na kanikanci ko mai rubuta manhaja a kan wanda ya yi injiniyancin lafiya zalla, saboda shi wannan ya taɓa komai kaɗan-kaɗan amma ba inda ya nutse. In kwas ɗinka kenan, ka zaɓi abu ɗaya ka iya shi da gaske, ko zane da manhajar SolidWorks, ko haɗa allon lantarki, ko rubuta manhaja da yaren C da Python, ka kuma samu abin da ka ƙera da hannunka da za ka nuna ranar intabiyu.

Kuɗi: nan ne ciwon yake, mastas yawanci kai ke biya, kuma a Amurka da Ingila da tsada sosai ga ɗan waje. Mafita akwai: yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, sannan tallafin Erasmus Mundus yana biyan makaranta ya ba da Yuro 1,400 duk wata, amma gasar ba wasa.

Kar ka ɗauka yini za ka yi kana ƙirƙira. Rabin aikin rubutu ne, kowane canji sai an rubuta dalilinsa, an auna haɗarinsa bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 14971, na'urar lantarki ta ci gwajin IEC 60601, manhaja ta bi IEC 62304, abin da zai taɓa jiki ya ci ISO 10993. Wannan tsaurin yana da tarihi, tsakanin 1985 da 1987 injin gashin cutar kansa mai suna Therac-25 ya yi wa marasa lafiya gashi fiye da kima saboda kuskuren manhaja, wasu suka rasu. A Amurka na'urori aji uku ne, masu matsakaicin haɗari galibi ta hanyar 510(k) suke bi, wato ka nuna taka daidai take da wata da ke kasuwa, irin wannan cikin 'yan shekaru za ka ga aikinka a asibiti. Masu aji na uku irin bawul ɗin zuciya sai an yi gwaji a kan mutane, su kam jiransu ya kusa na magani.

Karkonta mai kyau ne, wanda ya iya lantarki ko manhaja in ya bar lafiya masana'antar mota ko ta jirgi za ta ɗauke shi. Kasadar ita ce ayyukan ƙira a wasu 'yan garuruwa suka taru, irin su Minneapolis da Boston, Galway a Ayalan, Tuttlingen a Jamus, Shenzhen a Sin, dan haka sai ka shirya yin ƙaura, kuma manyan kamfanoni suna rage ma'aikata in sun haɗe ko sun rufe wani layi.

Hanya ta uku: ƙa'idoji da tabbatar da inganci

Wannan ba a cika gaya wa ɗalibai ita ba, alhali ita ce ƙofar da ta fi buɗewa ga ɗan famasi da ɗan kimiyyar lab da nas. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika robar dashen nono da silikon na masana'anta, wannan badaƙalar tana cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta yi sabuwar dokar na'urori ta MDR a 2017, ta fara aiki a watan Mayu 2021, ta kayan gwaje-gwaje kuma a 2022. Dokar ta wajabta wa kowane mai ƙera na'ura ya samu mutumin da alhakin bin ƙa'ida ke wuyansa, ta kuma ƙara yawan hujjojin asibiti da ake nema, sai buƙatar masu wannan ilimin ta tashi. Ita ma FDA ta daidaita dokar ingancinta da ISO 13485, wanda ke nufin in ka iya wannan ma'aunin guda ɗaya kasuwanni da yawa za su gane ka.

Kuɗin shiga kaɗan ne, kwas ɗin odita na 'yan kwanaki ne, satifiket ɗin RAC na RAPS, ƙungiyar masu aikin ƙa'idoji, kuma sai ka ɗan yi aiki ake zana shi. Wahalar ita ce samun aikin farko, kowa mai gogewa yake nema, dan haka yawanci ta ƙaramin aikin duba inganci ko karɓar koken kwastoma ake shiga. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce wannan ba bincike ba ne irin wanda kake mafarki, ba za ka gano sabon abu ba, za ka yini da fayil ne, kuma wata rana kai ne za ka ce wa manaja kaya ba za su fita ba alhali kowa na jiran su fita. Wanda ba ya iya tsayawa a kan magana kar ya shiga.

Hanya ta huɗu: injiniyan asibiti

Shi ne mai kula da na'urorin da ke aiki a asibiti, saye da girkawa da saiti da gyara da koya wa ma'aikata. Ko'ina akwai asibiti akwai buƙatarsa, ba sai ya yi ƙaura ba. A Ingila shirin horo na STP na hukumar lafiya ta NHS shekara 3 ne da albashi da mastas a ciki, a Amurka masu gyara suna zana satifiket ɗin CBET. Albashin bai cika kai na kamfani ba kuma akwai kiran dare, sannan in horonka na injin kamfani ɗaya ne kawai ka ɗaure kanka da su. Amma ba wanda ya kai shi sanin inda na'ura take gazawa, in daga baya ya koma ƙira ko bincike da tambayoyi na gaske yake zuwa.

Wata 'yar hanya a tsakiya

Jan layin da kake gani a tsinken gwajin maleriya ko na korona, a yawancinsu ƙwayoyin zinare ne na nano suka taru a wurin. Kimiyyar ta nano ce, amma a doka kayan gwaji ne, ba a jikin mutum ake zuba su ba, dan haka hanyarsu zuwa kasuwa ta fi ta magani gajarta nesa ba kusa ba. Haka na'urar auna suga da ake mannawa a fata. Wanda zuciyarsa ta ƙi sakin nano amma ba zai iya dogon jira ba, ya leƙa nan da kyau.

Hanya | Lokaci bayan digirin farko | Wa ke biya | Shiga | Karko | Kasada
Binciken nano | shekara 4 zuwa 8, sai kwantiragi | lab ko tallafi | da wuya | mai kyau in ka iya haɗa magani da aune-aune | babba
Ƙera na'ura | nan take zuwa shekara 2 | galibi kai | matsakaici | mai kyau sosai | matsakaiciya, sai ƙaura
Ƙa'idoji da inganci | watanni zuwa shekara 2 | kai ko kamfani, kaɗan ne | aikin farko ne wahala | mai kyau sosai | ƙarama
Injiniyan asibiti | nan take zuwa shekara 3 | kai, ko horo mai albashi | ya fi sauƙi | mai kyau | ƙarama, albashi na da iyaka

Wa ya dace da wacce

In kai ɗan kemistiri ne ko famasi, kana jin daɗin lab har ka manta da lokaci, ba wanda yake jiran albashinka nan kusa, kuma an ba ka gurbi mai kuɗi, bi nano. Amma kafin ka amsa ka tambayi sufabaizan ina ɗalibansa biyar na baya suke yanzu, waɗanne injina ne nasu na kansu, kuɗin aikin shekara nawa ya rage, kuma ka nemi ɗaya daga cikin ɗaliban ku yi magana ba a gabansa ba.

In kai injiniya ne mai son ya ga abin da ya zana a hannun likita, ƙera na'ura, kuma ka fifita mastas mai intanshif a kamfani a kan mai babban suna da ba shi da shi.

In akwai iyali a wuyanka, ko ka riga ka yi shekaru kana aikin famasi ko lab ko jinya kana son canji ba tare da komawa aji na shekara biyar ba, ƙa'idoji da inganci. In ba ka son barin inda kake kuma hannunka na son gyara, injiniyan asibiti.

Likita kuma da yake son bincike amma ba ya son ajiye marasa lafiyarsa, ba sai ya koyi haɗa ƙwayoyi ba, masu nano da masu na'ura duka suna neman likitan da ya iya tsara gwaji a kan mutane, horo a wannan ɓangaren ya fi masa amfani a kan shekara huɗu yana wanke kwalabe.

Wanda kuma aka ba shi gurbin digirin digirgir na nano ba tare da ko sisi ba, shawarata ya nemi a ɗaga masa zuwa baɗi, ya kama aikin inganci ko na lab a kamfanin magani ko na kayan gwaji, ya koyi HPLC da GMP ana biyansa, sannan ya sake neman gurbi mai kuɗi da wannan gogewar a takardarsa.